Mu Muka Wanke Mama Tsahara

Na sauka a Jidda da sunan Lawal a fasfo, amma duk wanda ya san ni da gaske a Kano, Ladidi yake kira na. A gida ɗan daudu ake ce mini, kuma ban taɓa tsayawa musu da kowa a kan sunan ba. Abin da na sani shi ne, tun ina ƙarama mace nake jin kaina. Dukan da na sha a kan haka kuwa, da duka yana gyara mutum, da tuni ni ke jan salla a unguwarmu. Na faɗi wannan tun da wuri ne don mai karatu ya san da wa yake tafiya.

Mutumin da ya yi mini biza cewa ya yi girki zan yi a babban otal. Otal ɗin da na tarar wani bene ne a unguwar Aziziyya ta Makka da ake sauke alhazai, kicin ɗinsa bai fi shagon mai aski ba. A nan nake girki, a nan nake kwana, kaina kusa da tukunyar gas. Mai gidan ya karɓe fasfona tun ranar farko, wai zai ajiye mini kada ya ɓata. Da alhazai suka watse sai ya miƙo mini fasfon da ledar kayana, ya ce halas, aiki ya ƙare. Na tambayi haƙƙina, ya nuna mini ƙofa. Larabcina a lokacin bai wuce na salla ba, don haka na wanke shi tas da Hausar Fagge, na ɗauki ledata na fita.

Wani direba ɗan Sudan ne ya gan ni a bakin titi rana tana duka na. Ya tsaya, ya miƙo mini ruwa mai sanyi, ya nuna mini kujerar baya, ya ce, "Mansur." Bai karɓi komai ba. Har yau ban san sunansa ba, amma yana cikin addu'ata.

Mansur unguwa ce ta mutanenmu. Ƙamshin daddawa ne ya fara tarbata, sai Hausa iri-iri, ta Sakkwato, ta Damagaram, da ta waɗanda aka haifa a nan wadda ta cakuɗe da Larabci. Kwana biyu ina zagaye, kunya ta hana ni roƙo. A rana ta uku na tsaya a ƙofar wani ɗan gidan abinci ina kallon wani ƙaton tsoho cikin farar jallabiya da hula yana tuƙa tuwo. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi yadda na dafe ƙugu, ya ci gaba da tuƙinsa.

"Ke, daga ina?" in ji shi.

Na waiga in ga macen da yake yi wa magana. Babu kowa a bayana.

"Ke nake nufi, 'yar nan. Shigo kafin ranar nan ta ƙarasa ki."

Wata huɗu rabona da kuka. Na zauna a kan buhun gero na yi mai isata.

Mutanen titi Alhaji Sale mai tuwo suke ce mata. Mu kuwa Mama Tsahara muka sani. Mutuniyar Damagaram ce, ta shigo Makka ta Chadi da Sudan tun kafin a haife ni, kuma duk shekarun nan ba ta da igama, wato takardar izinin zama. Duk irinmu da ƙasar nan ta jefar, a hannunta yake faɗawa. Mu bakwai ta tara a wasu ɗakuna biyu a unguwar Ka'akiyya, inda haya take da sauƙi. In za mu fita, jallabiya da hula, a ƙanƙance tafiya, a daure murya. In mun dawo an rufe ƙofa, kowa ta ɗaura zaninta, a yi kitso, a yi gulma, a yi faɗa a kan wadda ta cinye ƙanzo. Kewar gida kan kama ni in na ji ana soya albasa da man gyaɗa, don da haka uwata take fara miyarta. Mama in ta gan ni na yi shiru sai ta turo mini tire ta ce in tsince shinkafa, wai hawaye ba ya hana hannu aiki.

Gidan abincin na Hajiya Kaltume ne, bazawara haifaffiyar Makka, jikar wasu alhazan Katsina. Ta san ko mu su wane ne, ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ranar da ta ɗanɗana miyar taushena ta ajiye cokali ta ce, "Wallahi, ya Ladidi, hannun nan haram ne a mayar da shi Najeriya." Ita ta sa ɗanta ya yi ta zirga-zirga har aka mayar da takarduna ƙarƙashin gidan abincin. Haka na zama ni kaɗai ce mai igama a cikinmu. Na ɗauka gata ne zalla, ban san kaya aka ɗora mini ba.

A shekarata ta biyu muka rasa Delu. 'Yar Katsina ce mai soya waina, ga tsiwa, ga kyauta. Ta faɗi a gaban tanda da hantsi, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. To, a nan ƙa'ida ita ce, wanda ya mutu ba takardu, gawarsa tana zama a talaja, wato ɗakin sanyi na asibiti, har sai wani mai igama ya je gaban hukuma ya ce nasa ne. Duk suka zuba mini ido. Ni kuwa na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Na tuna kicin ɗin Aziziyya, na tuna za a tambaye ni inda muke zaune da su wa muke zaune, na tuna tafiyata kaɗai ta isa ta tona mini asiri. Na ce a bari sai gobe. Goben nan ta kai wata uku.

Daga baya wasu 'yan garinsu suka je suka karɓe ta, don an fara yi musu gori. Su suka yi mata wanka. Washegari na bi ta majalisar masu shayi da ke bakin layinmu, na ji ana ƙyaƙyata dariya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi wankan ne yake ba da labarin kitson da suka tarar a ƙarƙashin hula, da jigidar da ke ƙugu, har yana kwatantawa da hannu. Na wuce kaina a ƙasa. Na ji haushinsu, amma haushin kaina ya fi, domin ni na miƙa musu ita.

Mama ta yi kwana uku ba ta taɓa muciya ba. Ranar Juma'a bayan la'asar na tara mu duka a ɗaki na ce ina da magana. Na ce daga yau babu wadda za ta kwanta ciwo ita kaɗai, za mu raba kwanaki, kowa da ranar jinyarta. Wadda aka kama kuma, a san inda take, a kai mata kaya. Sannan na ce ni zan koyi wankan gawa.

Fanta, 'yar Maraɗi da ke yi mana kitso, ta tuntsire da dariya. "Ke da ƙadangare ke kora daga banɗaki?"

"Ƙadangare yana motsi," na ce mata. "Ki bar ni da wanda ba ya motsi."

Mama ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce, "In za ki yi, ki yi don Allah. Kada ki yi don Delu ta yafe miki, ita ta riga ta wuce wurin."

Akwai magsala, ɗakin wankan gawa, a jikin wani masallaci kusa da mu. Mai kula da ita wani tsohon Basakkwace ne, Malam Isiyaku, wanda ya shekara da shekaru yana wannan aiki don Allah. Na same shi a kan benci yana jan carbi. Na gaishe shi da muryar da na fi iya daurewa, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Na san ka. Yaron Sale mai tuwo. Wanga aiki ba na irinku ba ne."

Na ce na gode, na tafi. Washegari da safe na dawo na share ƙofar magsalar, na cika masa butoci. Ya kore ni. Jibi ma na dawo. Haka muka yi ta yi kusan wata guda, shi yana kora, ni ina shara. Taurin kai dai ban aro shi wurin kowa ba.

Wata safiya cikin tsananin zafi aka kawo wani lebura da ya mutu a ɗakinsa a kulle, ba a gane ba sai bayan kwanaki. Mutum biyun da suka saba taya Malam suka leƙa, suka toshe hanci, kowa ya tuna yana da uzuri. Malam ga ciwon baya, ba ya iya juya gawa shi kaɗai. Ya fito ya tarar da ni da tsintsiya a hannu.

"Kai, kana da zuciya?"

"Malam, shekara nawa ina gyaran kayan ciki a kicin."

Ya ɗaure fuska. "Wanga ɗan Adam ne. Uwa ta haife shi. In ka shigo, da wannan za ka shigo."

Kunya ta kama ni, na ba shi haƙuri, na bi shi ciki. A ranar na koyi yadda ake rufe al'aura kafin a taɓa komai, yadda ake yi wa mamaci alwala, a fara da dama, a sa ruwan magarya, a ƙare da kafur. Da muka ɗaure likkafani Malam ya wanke hannu, ya ce, "Saura guda, ita ta fi duka. Abin da idonka ya gani cikin ɗakin ga, ko matarka ba ta jin shi."

Na ce masa abin da ya kawo ni ke nan, na ba shi labarin Delu da majalisar masu shayi. Ya ce, "Sun ci amana. Gobe ka zo da wuri."

Shekara biyu na yi ina raba kaina tsakanin tukunya da magsala. Na wanke attajiri, na wanke wanda ba a san sunansa ba. Har ƙanin mai ba da labarin nan na majalisa ya biyo ta hannuna. Yayan ya zo yi mini godiya, ya kasa haɗa ido da ni. Abin da na gani a jikin ƙaninsa kuwa, ba za a ji shi a bakina ba. Malam bai taɓa daina ce mini Lawal ba, kuma duk Juma'a sai ya yi mini wa'azi a kan tafiyata. Ni ma ban taɓa daina kawo masa tuwo da miyar kuka ba. A haka muka zauna lafiya.

Sai ciwon suga ya kwantar da Mama. Ƙafarta ta yi gyambon da ya ƙi warkewa, ta ƙi asibiti saboda rashin takardu. Muka bi tsarinmu na jinya, kowa da ranarta, Hajiya Kaltume kuma tana aiko da magani da romo. Wata rana bayan azahar Fanta ta kawo shawara, cikin kyakkyawar niyya, cewa a tsefe wa Mama kai a aske, a cire mata jigida tun yanzu, don ko ta Allah ta kasance kada a sami abin faɗa.

Mama ta yunƙura ta jingina da bango. "Shekara arba'in ina tuɓe kaina a bakin ƙofa kafin in fita. A kan shimfiɗata ma sai na tuɓe? Jigidar nan ta uwata ce. Ita kaɗai ce a gidanmu ba ta taɓa duka na ba."

Fanta ta fashe da kuka ta fita. Mama ta kamo hannuna.

"Ladidi, ba mutuwa nake tsoro ba, na ƙoshi da duniya. Talaja nake tsoro, da bakin masu shayi."

"Ba za ki kwana a hannun kowa ba, Mama."

"Haka kika so yi wa Delu."

Maganar ta soke ni, kuma gaskiya ce. Na ce, "Wancan karon na gudu. Wannan karon ina nan."

Bayan sati biyu ta suma da safe. Ɗan Hajiya Kaltume ya ɗauke ta a mota zuwa asibiti, a can ta cika kafin la'asar, aka wuce da ita talaja. Hajiya Kaltume ta ja ni bayan kanti, idonta jawur.

"Ya Ladidi, ki yi tunani. Za su tambaye ki yaya mai igama yake zaune da wanda ba shi da ita. In suka soke takardarki, tarhil ne, jirgi sai Kano, halas."

"Na sani, Hajiya. Ke ma zan iya jawo miki."

Ta share ido da gefen mayafi. "Ni 'yar ƙasa ce, iyakarta su ci ni tara. Yalla, ki je ki ɗauko mana ita."

Kwana huɗu muka yi muna neman takarda daga ofishin jakadancin ƙasar su Mama. A rana ta biyar na shirya zuwa wurin 'yan sanda. Fanta ta tsayar da ni a tsakar ɗaki tana koya mini tafiyar maza, tana cewa in daina kaɗa hannu, in buɗe ƙafa kamar mai ɗauke da buhu. Muna cikin makoki muka sami kanmu muna dariya. Da na isa ƙofar ofishin kuwa, duk darasin ya gudu, na shiga da tafiyar da Allah ya ba ni.

Jami'in saurayi ne, gemunsa a gyare. Ya karɓi igamata ya ajiye a gabansa, bai mayar mini ba. Ya tambayi abin da mamacin yake a wurina. Na ce shi ya raine ni a ƙasar nan. Ya tambayi inda ya zauna, na faɗa. Ya tambaya ko na san ba shi da takardu. Na ce na sani. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da na saba da shi tun ina ƙarama. Sannan ya ce sai da shaida, dattijon da aka sani a unguwa, in ba haka ba gawa tana nan.

Na fita ba igama a aljihuna, na nufi magsala. Ban taɓa roƙon Malam Isiyaku komai ba bayan aikin nan. Na durƙusa na faɗa masa. Ya ɗauki sandarsa ya sa takalmi.

A gaban jami'in ya yi magana da Larabcinsa na masallaci, ni kuma ina tsintar abin da na iya. Ya ce ya san Sale shekara talatin a sahun salla. Ya ce babu baƙon da ya kwana da yunwa a layinsu in Sale ya sani, shi ma kansa ya ci tuwonsa lokacin da ba shi da komai. Sannan ya nuna ni da sanda ya ce, wannan kuma shi yake wanke matattun da 'yan'uwansu suka guda. Jami'in ya sunkuyar da kai ya yi rubutu. Ya sa na sa hannu a takardar gargaɗi, ya ce in aka sake samuna da irin wannan, babu sauran magana. Ya buga hatimi, ya turo mini igamata tare da takardar izinin binnewa.

Da aka kawo Mama magsala, mutum biyu daga majalisar masu shayi suka taso wai za su taya mu don lada. Malam ya jawo bencinsa ya tare ƙofa, ya gitta sandarsa.

"An isa," in ji shi. Ya juyo gare mu ni da Fanta. "Ku ne ɗiyanshi. Ku shiga."

Mun daɗe a ciki. Na yi wa Mama duk abin da ta roƙa, da hannuna, a hankali, yadda take so a yi komai. Sauran kuma na ɗakin ne.

Aka sallace ta a Harami bayan la'asar, a jere da sauran mamatan ranar. Ina tsaye a sahu ina jin kabbarar jama'ar da ba ta ƙirguwa, mutanen kowace ƙasa, babu wanda ya tambayi ko wace ce a cikin likkafanin. Daga nan sai maƙabarta. A ƙasar nan mata ba sa raka gawa kabari, don haka Hajiya Kaltume a wurin mota ta tsaya. Ta riƙe gefen makarar ta ƙi saki, sai da ɗanta ya janye ta.

"Ku je ku," ta ce mana. "Ni ba ni da hanya. Ku raka ta har ciki."

Mu shida ne, cikin fararen jallabiyoyin nan da muke ƙi kullum, muka sa kafaɗa. Ranar ce kaɗai a rayuwata na gode wa kayan maza. Malam yana biye da mu yana dogara sanda. A bakin kabarin ma'aikatan suka tambayi wanda zai sauka, Malam ya taɓa ni da sanda a ƙafa.

"Sauka, Lawal. Kai ka fi kusa."

Na sauka. Suka miƙo mini ita, na karɓe ta, ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kwantar da ita a gefen dama, fuskarta tana kallon alƙibla, na sassauta ƙullin likkafanin yadda aka koya mini. Kafin in miƙe na kai bakina kusa da kunnenta.

"Mama, ni ce, Ladidi. Kwana biyar kawai kika yi. Kuma babu wanda ya yi dariya."

Fanta ta miƙo hannu ta jawo ni sama, muka fara zuba ƙasa.